Ministar Lantarki ta Tashar Shandi

Jama'a, a gyara tsayuwa, ga Ministar Lantarki ta tashar Shandi! Siririyar dattijuwa ce cikin mayafi ruwan goro, tana juya farantin sola yana bin rana kamar mai gasa kifi. Duk garin ba wuta, amma firjinta na gurnani, direbobi na layin zoɓo mai sanyi. Wuyan hannunta akwai sawun awarwaro, babu awarwaron. Ina jin zinariyar aurenta ce ta zama farantin nan, shi ne abincin gidanta. Wallahi kaina har ya kumbura, tamu ce!

Na sara mata: "Ranki ya daɗe, yaushe za a ba talakawa wuta?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɗana, matsa can. Inuwarka ta hau min faranti."