Ranar da Tayar Akwati Ta Fashe

Mai Walda ake ce masa, har matarsa haka take kiransa idan ranta ya ɓaci. Tun yana saurayi yake ƙera ƙofofi da tagogi a wata rumfa a bakin titi. Ba shi da yawan magana, sai dai idan an taɓo zancen Akwati.

Akwati wani ɗan ɗaki ne mai taya da ya ƙera da hannunsa daga ragowar ƙarafa, ana ɗaura shi a bayan mota a ja. Akwai gado a ciki, da taga mai labule, da wurin ajiye risho. Maƙwabta ne suka raɗa masa sunan don tsokana, shi kuwa ko ƙuda ya sauka a kai sai ya goge.

Tafiyar farko mai nisa da mahaifiyarsa ya yi ta. Inna ta matsa tana son ganin ƙanwarta da ke jinya a wani gari. Ya ce ta hau gadon ta miƙe ƙafa.

"Da raina za ka sa ni a akwati?" in ji ta. Ta shige kujerar bayan mota.

Da hantsi suna kan babbar hanya, sai suka ji ƙara kamar harbin bindiga. Tayar Akwati ta dama ta fashe. Nan take ya shiga kaɗa jela, yana fizgar motar hagu da dama. Ƙafar Mai Walda ta nufi birki, ya danne zuciyarsa ya hana ta, don ya san yana takawa za su kife. Ya damƙe sitiyari da hannu biyu, ya riƙa sassauta totur, ya kunna fitilun gargaɗi. Wata tanka ta wuce su tana zabga hon. A hankali gudun ya mutu, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

Bai waiwaya baya ba. Ya ɓalle ƙofa ya ruga wurin Akwati. Robar tayar ta tsage, ta doki gefen ɗakin ta kware fenti. Ya durƙusa yana shafa wurin yana salati. Ya ciro jak da sifana, ya sa dutse ya tokare ɗaya tayar, ya duƙufa kwance notuna.

Yana cikin haka wata mata ta tsayar da motarta don ta taimaka. Ta leƙa ta tagar motarsa, ta daka masa tsawa.

"Malam, tsohuwar nan ba tare kuke ba? Jini fa take zubarwa!"

Sifana ta suɓuce daga hannunsa. Inna na zaune inda ya bar ta, ta danne goshi da gefen mayafinta, jini ya jiƙa shi jagab. Ashe kanta ya bugi ƙarfen ƙofa.

"Inna! Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na ga kana aiki ne," ta ce. "Abin naka bai lalace ba dai ko?"

Ba da gatse ta faɗa ba, da gaske take tambaya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Matar ce ta wanke ciwon ta ɗaure, shi kuwa yana tsaye riƙe da gorar ruwa, hannu duk baƙin mai, ya kasa haɗa ido da kowa.

A gidan ƙanwar, Inna ta baje labari. "Yaron nan jarumi ne. Da wani ne a kan sitiyarin, da yanzu gaisuwarmu kuke karɓa." Aka yi ta sa masa albarka, kowace kalma tana sauka a kansa kamar tartsatsin walda. Maganar yadda ya bar ta cikin jini ya ruga wurin taya kuwa, ko da wasa ba ta tayar ba, a ranar ko bayanta.

Ya sulale ya ɗauki mayafin, ya tafi bayan gida wurin famfo. 'Yar gidan ta biyo shi tana cewa, "Yaya, kawo in wanke mana." Ya girgiza kai. Ya tsuguna ya yi ta cuɗawa da sabulu har ruwan ya daina ja, ya shanya, ya zauna a gindin igiyar yana jira ya bushe.