Hannun Yaya da Wuƙaƙen Rabo

Injin gogar katako da ke shagonmu a Tanut, ni da yayana muka sayo shi, tsoho, daga Damagaram. Rabo muke ce wa injin. Wuƙaƙe uku ne a jikin gangarsa, kuma tun ranar da aka sauke shi Yaya kaɗai ke ɗaura su. Sai ya zare wayar kuran, wato ta lantarki, ya ɗora miƙaƙƙen katako a kan teburin baya, ya juya gangar da hannu a hankali. In wuƙa ta taɓa katakon ta ja shi kaɗan, kamar faɗin ƙwayar hatsi, to ta zauna daidai. Haka zai bi ukun, sannan ya ɗaure notuna daga tsakiya zuwa baki. Ni nawa yanka da haɗawa.

Wata shekara bayan girbi hawan jini ya kayar da shi. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama bai dawo duka ba. Ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa.

Da ya dawo shago wuƙaƙen sun dakushe. Aka wasa su, ya zauna ɗaurawa. Idonsa ƙalau, awonsa bai kuskure ba. Amma da ya zo kan notuna, na ga kile, ƙarfen ɗaure notu, yana rawa a hannunsa.

Na ce, "Yaya, kawo in ƙarasa ɗaurin."

Ya ce, "Ni da na koya maka riƙon guduma? Je ka kan aikinka."

Na sake magana, ya ɗaure fuska, na ƙyale shi.

Ƙofa muke yi wa wani ɗan kasuwa daga Gangara, mutumin kuwa na zaune a bakin shago yana jira. Yaya ya kunna inji, ya tura katako na farko lafiya. A na biyu muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Wuƙa ɗaya ta kwance, ta tsage, ɓarinta ya wuce ta gefen kan baƙon ya huda kwanon rufin rumfa. Mutumin ya yi salati, ya shafa kunnensa, ya duba tafinsa. Babu jini.

Na kashe injin. Na zauna a kan tarin dusar katako.  Yaya ya daɗe yana kallon hannunsa, sannan ya ba baƙon haƙuri, ya ɗauki hularsa ya tafi gida.

Da la'asar na same shi a zaure. Na ce, "Yaya, kai ka riƙa awo, ni in riƙa ɗaurewa. Ba wanda zai sani."

Ya ce, "Ni ai na sani."

Washegari dai ya zo, muka yi yadda na faɗa, kuma haka muke har yau. Yana saita wuƙa, ya miƙo mini kile ba tare da ya dube ni ba. Aiki na fita sumul. Sai dai ya daina zolayar masu wucewa, ya daina jan rigima kan kokawa, kuma in zan kunna inji sai ya tashi ya kori duk wanda ke zaune a bakin shago, ko da limamin unguwa ne. Matarsa ta tambaye ni abin da ke cinsa. Na ce mata ciwon ne, don ban san yadda zan faɗa mata sauran ba.