Sakamakon Da Ban Kai Miki Ba

Da safiyar Laraba, takwas ga watan Oktoba, ina tsaye a ɗakin gwaje-gwaje ina wanke kwalabe, babbar 'yarki ta kira ni. Ba ta ja gaisuwa ba. Ta ce Mama ta cika wajen ƙarfe bakwai, a gadon asibitin da kika kwana huɗu a kai. Na ce na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na ajiye wayar a kan tebur, na zauna a ƙasa, famfo yana ta zuba har sai da mai shara ta shigo ta kashe shi.

Malama, shekara goma sha shida na yi tare da ke. Na zo miki ina ɗalibi, kika riƙe ni har na zama abokin aikinki, amma bakina bai taɓa iya kiran ki da wani suna ba sai Malama, ke kuma ba ki daina ce mini ƙanena ba.

Yawancin waɗanda suka zo gaisuwa sun san ke malamar jami'a ce mai binciken ido, amma ba su san abin da kika ƙarar da ƙarfinki a kansa ba. Bari in faɗa musu yadda kika faɗa mini a makona na farko. A can bayan ƙwayar ido akwai wani siririn labule da ke karɓar haske. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta masu gani, akwai kuma waɗanda ba sa gani, aikinsu shi ne su tallafi masu ganin, su ciyar da su, su kwashe musu datti. Waɗannan masu tallafin suna aika wa juna saƙo. In an taɓa ɗaya, maƙwabtanta sai su ji. Kowace ƙwaya kuwa tana lulluɓe da tantani mai maiƙo. Tambayarki ita ce ko irin wannan maiƙon da yawansa ne ke sa saƙon ya wuce ko ya tsaya. Zarginki shi ne ciwon sukari yana canza maiƙon, saƙon ya lalace, tun kafin mutum ya fara gani dishi-dishi. Kika ce in an gane haka, wataƙila wata rana a tari makanta tun tana nesa.

A shekarun farko da idon shanu muke aiki. Ranar da na fara, na zo da riga mai guga, ina tsammanin littattafai za ki ɗora mini. Sai kika miƙo mini kula cike da ƙanƙara kika ce in shiga mota. Mayanka muka je. Kika tattare zaninki, kika taka cikin ruwa da jini kamar tsakar gidanki, mahauta suna ta kiran ki Mai Idanu. Sun daɗe suna tsokanar ki cewa miya kike yi da su, ke kuma kina ce musu ba ki da lokacin girki. Maigidanki, wanda mu duka muke kira Baba, ya taɓa gaya mana cewa tun ranar da ya buɗe firijin gida neman ruwa ya tarar da saniya tana kallon sa, bai ƙara buɗewa ba sai da izini.

A mayankar nan akwai dattijon mahaucin da ke ware miki idanun. Wata rana kika lura yana laluben wuƙarsa a kan tebur alhali tana gabansa. Ba ki ce masa komai a gaban yaransa ba. Kika jira ya wanke hannu, kika ja shi gefe, washegari kika kai shi asibitin ido da motarki, kika zauna a layi tare da shi har aka gan shi. Yanar ido aka cire masa. Ya zo gaisuwa ranar Alhamis, ya zauna a bakin ƙofa, da zai tafi ne ya ce wa Baba da idon da kika gyara masa yake kuka.

Ni ma ina da nawa. Lokacin da matata ta sha wuyar haihuwa, aka sa jaririyarmu a kwalba, na bar komai na tare a asibiti mako biyar. Ƙwayoyin da nake reno a ɗakin gwaji sai an canza musu ruwan abinci duk bayan kwana biyu, in ba haka ba su mutu, aikin shekara guda ya bi ruwa. Na riga na sallama su. Da na dawo na tarar da su da rai, kowane faranti da kwanan wata da rubutun hannunki. Kin kuma ɗauki darussana biyu a kan naki. Da na buɗe baki zan yi godiya, kika tambaye ni nauyin jaririyar, kika wuce aji.

Ke da kanki kina da ciwon sukarin, amma ba kya son a yi zancen. Shekara huɗu da suka wuce na fara lura kina daɗewa a kan madubin ƙara girma, kina ta juya maɓalli a kan hoton da ya riga ya fito tas. Muna zuba wa ƙwayoyin wani rini da ke haskawa kore idan saƙo ya iso, sai a taɓa ɗaya da siririyar allura, a ga hasken yana bazuwa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Babu abin da kike so a duniya kamar kallon wannan. Wata rana da hantsi kika ɗago kanki, kika matsa gefe, kika ce, "Ƙanena, zauna. Gaya mini abin da kake gani, kada ka rage komai."

Daga ranar haka muke aiki. In zauna a madubi, ke ki zauna a kujerar gefena da hannunki a kan tebur, in ce ya tashi, ya kai ta uku, ya kai ta bakwai, ya tsaya. Idonki na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama ya rage kaɗan. Ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba, sai sau ɗaya da kika ce abin da ya fi miki ciwo shi ne kin san sunan duk abin da ke lalacewa a ciki.

Yanzu na zo ga abin da ya sa na kasa rubuta wannan da wuri. Babban gwajinmu, wanda muka yi shekara uku muna yi da ɓeraye masu ciwon sukari, ya kammala a tsakiyar watan Satumba, kina gida ƙoda ta kwantar da ke. Maiƙon ya canza kamar yadda kika yi zato. Amma saƙon bai lalace ba. Yana tafiya da saurinsa, yana kai inda ya saba kaiwa. Na sake lissafin sau uku, na ba wata abokiyar aiki ta duba ba tare da na gaya mata abin da muke fata ba, amsar ba ta sauya ba. Abin da kika yi kusan shekara ashirin kina bi, aƙalla ta wannan hanyar, ba ya nan.

Na zo gidanki sau biyu da takardun a jaka. Na farko na tarar ana fama da ke ki sha kofin shayi. Na biyu kina zaune a falo da ɗan ƙarfinki, kika juyo da fuskarki inda muryata take kika tambaye ni ya aikin. Na ce da saura. Kika ce to, Allah Ya taimaka, kika koma tambayar yarana. Ranar Litinin kika sa aka kira ni daga asibiti, na ce ina da jarrabawar ɗalibai, zan zo Laraba da yamma. Jarrabawar gaskiya ce, amma da na so zuwa da na zo.

Kwana biyu bayan an kai ki makwancinki, babbar 'yarki ta tsayar da ni a bakin mota. Ta ce kin bar mini saƙo. Ta ce, "Mama ta ce ta sani tun ranar da ka ce da saura. Ta ce da ya fito yadda kuke so, da tun daga ƙofa za ta ji a tafiyarka. Ka rubuta shi yadda yake, ka sa sunanta a gaba, don kada wani ya sake ɓata shekarunsa a hanyar." Na tambaye ta ko kin yi fushi. Ta ce ba ki yi ba, amma har daren Talata kina tambaya ko na zo, don kin so ki ji lambobin da kunnenki.

Na ɗauka tausayinki nake ji, Malama. Kaina na tausaya wa. Na hana ki abu na ƙarshe da kika nema a wurina, kuma babu inda zan kai miki shi yanzu. Na fara rubutun. Yana tafiya a hankali, don duk inda na tsaya babu wanda zan juya in tambaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Baba, wanda ya yi shekara huɗu yana karanta miki wasiƙunki da takardun ɗalibai bai taɓa gajiya ba, ga 'ya'yanki uku da jikokinki, ga ƙannenki, ga ɗalibanki na da da na yanzu, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da mutanen mayanka. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Ina kuma roƙon iyalinki su yafe mini abin da na makara wajen roƙon ki.

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa, Ka sa jinyarta ta zama kaffara, Ka karɓi aikinta har da wanda bai kai inda ta so ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka cika shi da haske, Ka mayar mata da ganinta fiye da yadda yake. In tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.