Yawun da na tofa wa ƙanena

Jiya aka dafa ganyen darbejiya a tsakar gidanmu saboda mai jego. Ɗacin nan yana shiga hancina sai ga ni ɗan shekara bakwai a unguwarmu ta Nima, lokacin da shanu suka fi gidaje yawa.

Kakana tsohon soja ne. A yaƙin Jaman aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa gabashin Afirka, ya dawo da ɗingishi da labarin wasu makiyaya wai su Masai. Bayan la'asar yakan zauna a ƙofar gida, mu kewaye shi. Ya ce yaransu ba su da allo, garke ne makarantarsu, yaro ya san kowace saniya da kamanninta. Na ce a raina ai can ya kamata a haife ni, don ni da allo ba ma ga maciji. Ya ce yaro ba ya miƙa wa babba hannu, kai yake sunkuyarwa a dafa. Sannan idan an yi haihuwa, dattawa kan tofa wa jariri yawu, su ce mummuna ne, don mutuwa ta raina shi ta wuce.

Wannan na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai. Inna wabi take yi. Uku ta binne a bayana, ga na huɗu kwance, ɗan mitsitsi, kukansa kamar na mage.

Ran suna, damina ce, ƙasa duk caɓi, mata sun cika ɗaki. Tun daga bakin ƙofa na fara tara yawu. Na kutsa tsakanin zannuwa, na sunkuya, na tofa masa a goshi, na ce da ƙarfi, "Mummuna ne! Ko kyauta ba ma so!"

Goggo ta damƙi kunnena. "Ɗan nema! Ƙanen naka kake wa baki?"

Na ce Kaka ne ya ce. Ta ja ni har zaure, gaban maza. Na tabbata Kaka zai cece ni. Ya dube ni, ya tauna goronsa, ya ce, "Dattawa na ce. Kai dattijo ne?"

Na sha bulala, kaina kuwa ya ɗaure. Da safen nan malam ya yi wa yaron tofi, an ba shi goro. Tsofaffin mata sun huda wa jaririn kunne, sun ce bawa ne, tsintarsa aka yi a juji, kowa ya ce madalla. To ni me na yi daban? Na tambaya, aka ƙara mini biyu.

Sai daga baya yayata ta gaya mini cewa da Goggo ta koma da tsumma za ta goge masa goshi, Inna ta riƙe hannunta, ta ce mata, "Bar shi ya bushe, Yaya."

Yanzu asibiti ake haihuwa, allura ake yi wa jarirai, kafin ka taɓa yaro sai an sa ka wanke hannu. Ban ce ba daidai ba ne. Ƙanen nawa dai yana nan unguwar Maamobi, haƙoransa biyu suka rage. Ya ce Allah ne ya raya shi, na ce haka ne, wa ya musa? Amma har yau, in na je gaishe shi na yi gyaran murya, sai ya janye kansa baya.