Fuskar da Muka Buga wa Baba Gyang

Shekara goma sha huɗu ke nan ina aikin ɗab'i a Jos. Na buga katin biki, na buga kalanda, na buga fastar 'yan siyasa har na gaji da ganin murmushinsu, amma ban taɓa mantawa da wata Laraba cikin daminar bara ba, ranar da aka kawo mini hoton Baba Gyang. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina kafin ku ji shi a wurin masu ƙara gishiri.

Shagonmu yana bayan kasuwar Terminus, na Oga Bamidele ne, ni kuma nake tsara shafi a kwamfuta kafin a kai wa masu injin bugu. Kusan rabin aikinmu na jana'iza ne. Idan dattijo ya rasu a gidan Kirista, akan ajiye gawa mako ɗaya ko biyu a asibiti, dangi su shirya ɗan littafi mai tarihin mamaci da waƙoƙin da za a rera, da babban allon hoto na ƙofar coci, da riguna masu fuskarsa. Ƙa'idar Oga kuwa tun zuwana ita ce: ka ɗauki hoton asali a sikana, na'urar da ke kwafar hoto zuwa kwamfuta, ka ajiye shi daban ba tare da ka taɓa shi ba, ka yi gyara a kan kwafi, sannan ka jera su biyun ka duba kafin ka nuna wa masu aiki.

Da, gyaran tsohon hoto yakan ci mini awa biyu, ina bin tabo ɗaya bayan ɗaya har idona ya yi ja. Sai ga manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda a shago muke ce wa “inji” kawai. Ka saka mata hoto ko da ya dushe, kafin ka kurɓi shayi ta dawo maka da shi fes. Hannuna ya huta. Abin da ban lura ba shi ne idona ma ya bi shi ya kwanta.

Ranar da nake faɗa, wani mai suna Davou ya shigo da mahaifiyarsa, Ngo Chundung, tsohuwa siririya cikin baƙin zane. Shi ma'aikaci ne a Abuja, waya biyu a hannu, yana magana da mu yana amsa wasu. Ita ce ta zaro hoton daga cikin Littafi Mai Tsarki ta miƙo mini da hannu biyu. Davou ya ce shi ke nan hoton babansu a duniya, domin mutum ne da ko 'ya'yansa suka ɗaga waya sai ya juya baya, na katin zaɓensa kuma ya goge, sai inuwa. Wannan ɗin ma ruwa ya taɓa shi.

Ni kuwa a lokacin hankalina yana cikin wayata. Rigima ce ta kaure a zauren hirar waya na 'yan unguwarmu ta Gangare kan wasan ƙwallon da aka yi da daddare, wani ya taɓo ni, na rantse sai na rama. Da hannu ɗaya na kifa hoton a sikana, na tura wa inji, da ɗayan ina rubuta martani. Sakamako ya fito, na hango dattijo mai hula da kwat, fuska sumul, na ce madalla. Na adana shi a kan na asalin, abin da ɗan koyo ma ba zai yi ba. Na mayar wa tsohuwa hotonta ban ko ɗaga kai sosai ba. Da yamma na tura wa Davou samfuri, ya amsa cikin minti ɗaya cewa ya yi, a buga. Daga baya ya gaya mini yana tuƙi ne ya leƙa.

Muka buga littattafai, muka buga allo mai tsayin mutum, muka buga riguna ɗari da hamsin. Aka yi jana'iza ranar Asabar. Ni na ma manta da aikin.

Bayan mako uku, da hantsi, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, sai ga Ngo Chundung ita kaɗai a ƙofar shago. An ɗauke wuta, janareto bai tashi ba tukuna, shagon ya yi duhu kuma tsit. Na ba ta kujera. Ta ɗora ɗan littafin jana'izar a kan teburina, ta sa yatsa a kan fuskar da ke bango.

“Ɗana, wannan ɗan gidan wane ne?”

Na ce mata ai Baba ne. Ta girgiza kai a hankali. Ba faɗa ta zo yi ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce hular ta mijinta ce, kwat ɗin ma tasa ce, ita ta saya masa, amma mutumin da ke ciki ba ta taɓa ganinsa ba. Sai ranar jana'iza ta fara ganin hoton. Ta sauko daga mota ta tarar da shi a ƙofar coci yana mata murmushi, ta shiga ciki ta ga jama'a reras, kowa da baƙon nan a ƙirjinsa, har jikokinta. Da ta yi magana, yaran suka ce baƙin ciki ne ya dame ta, ai Baba ne lokacin yana da sauran ƙarfi, inji ne ya wanke shi.

Na tambaye ta hoton asali, don in sake aikin. Ta ce 'yarta ta saka shi a aljihun kwat ɗin Baba kafin a rufe akwati, tunda an sami wanda ya fi shi kyau. Na riga na san abin da zan tarar a kwamfuta. Da wuta ta dawo na bincika ko'ina, Oga ma ya zo ya tsaya a kaina yana dubawa. Babu. Sai ya zare tabarau ya koma ofishinsa.

Abin da ta faɗa bayan nan shi ne ya fi tsaya mini a rai. Yaran sun rataye allon a falo, yana fuskantar kujerarta. Jikoki suna nuna shi suna cewa Kaka. Ita kuma yanzu in ta rufe ido don ta tuna mijin da suka yi shekara arba'in da shida tare, wannan mutumin ne yake zuwa. Yana tafiya irin ta Baba, yana tari irin na Baba, yana kiran sunanta da muryar Baba, amma in ya juyo sai ta ga baƙuwar fuska.

Don ruɗewa na yi wata wautar. Na ce ta kwatanta mini shi, in faɗa wa inji ya zana. Ta ce yana da faɗin hanci, da ido ɗaya da ya ɗan fi ɗaya ƙanƙanta, da tabo a goshi tun zamanin da yake haƙar kuza. Na rubuta. Inji ya fito da dattawa huɗu, na sake, ya fito da wasu huɗu, kowanne yana kallonmu kamar ya san mu, kuma babu ɗaya a cikinsu da uwa ta haifa. Ta riƙe mini hannu ta ce in kashe, duk wanda ta kalla yana cinye ɗan abin da ya rage mata. Na kashe.

Ruwa yana ta dukan kwano. Can ta ce:

“Kai ka riƙe hoton asalin a hannunka. Idonka yana da ƙarfi, ba kamar nawa ba. Faɗa mini, tabon nan, hagu yake ko dama? Na kwana uku ina nema, ya ɓace mini.”

Wallahi na so in ce hagu. Da ta yarda, ta tafi da shi, ta riƙe har ƙarshen ranta. Amma na riga na ba ta fuskar ƙarya guda ɗaya. Na ce, “Mama, ki yafe mini. Ban kalle shi ba.”

Ta daɗe tana dubana, kamar tana so ta haddace tawa fuskar. Sannan ta ɗaura ɗankwalinta, ta ce Allah ya taimake mu, ta fita cikin ruwan. Littafin ta bar shi a kan tebur.

Oga bai kore ni ba, kuma ban daina amfani da inji ba, har gobe da shi nake aiki. Ba shi ya yi laifi ba. Shi in ya ga gurbi cikewa yake yi, bai damu da ko na wane ne ba. Ni aka ba wa amanar dubawa. Masu kawo mana hoto a ranar makoki idonsu cike yake da hawaye ko da hidima, sun dogara ne cewa akwai mutum ɗaya a shagon nan da zai tsaya ya kalla. Shi ya sa yanzu in an miƙo mini hoton mamaci nake jefa wayata a durowa, in tambayi sunansa, in dube shi da kyau kafin ya kusanci sikana.

Ku ma ku riƙa yin haka. Wata rana wani zai dawo ya tambaye ku yadda mutuminsa yake, kuma babu wanda ya rage da zai tambaya sai ku.