Gidan Rezar Baba

Ko zan kai shekara ɗari a duniya ba na jin zan manta ranar da na tsinci gidan rezar mahaifinmu a shimfiɗar mai gwanjo. Shekaru sun ja, amma wallahi har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Baba direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin a kan titi kafin ya ajiye. Abin askinsa irin na da ne, ƙarfe ne zalla mai nauyi, ana murɗa gindinsa bakinsa ya buɗe a saka reza. Shi gidan reza yake ce masa. A Jos ya saye shi tun kafin a haife ni, ya naɗa jar waya a mariƙin don kada ya sulɓe. Duk Juma'a da hantsi zai zauna a tsakar gidanmu na unguwar Dogo Nini da ruwan ɗumi, ya tada kumfa da buroshi, ya kwashe kansa da kumatunsa tas, ya bar gemu. Wanzami bai taɓa taɓa kansa ba.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Hannun dama ya mutu, magana ta koma da ƙyar. Muna dawowa daga asibiti yayana ya ce ɗakin Baba ya cika tarkace, zai gyara a samu wurin jinya. Ni ina shago ranar, na ce Allah ya yi albarka. Da Juma'a ta zo muka nemi gidan reza sama da ƙasa, babu. Yaya ya ce, “Ka san kayan tsofaffi, wa ya san inda ya jefa shi?”

Na sayo na roba irin na yanzu. Ina kai shi fuskar Baba ya kau da kai. Na kira wanzami, ya ture shi da hannun hagu. Wata biyu mutumin da ba ya wuce mako bai yi aski ba ya koma buzu-buzu. Abokansa direbobi suna zuwa dubiya, ya juya fuska bango, ya ƙi a shigo da su. Abinci ma ya fara ƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don likita ya gaya mana in ya karaya ba zai tashi ba.

Na shiga kasuwa neman irinsa. Wani ya yi mini dariya, wani ya ce zamaninsu ya wuce. A rana ta uku na isa wurin wani dattijo mai tsofaffin agoguna da fitilu. Ya zaro guda biyu daga gwangwani, ya ce, “Ka yi sa'a, yanzu 'yan birni ke wawarsu.” Na farko haƙoransa sun lanƙwashe, da gani zai yanka mutum. Na ɗauki na biyu na juya shi. Jar waya ce naɗe a mariƙin.

Na ce, “Malam, ina ka samo wannan?”

Ya ce, “Kayan mamaci ne. Ɗansa ya kawo daga Dogo Nini, har da rediyo da agogo. Ya ce tsohon ya rasu, suna rage kaya.”

Mamaci! Ubana yana gida yana numfashi, an zo kasuwa an kashe shi da baki saboda a sayar da rediyo. Ban yi ciniki ba, abin da ya faɗa shi na ba shi. Na tari keke napep, ban san lokacin da muka iso gida ba.

Na tarar da Yaya a zaure yana cin gyaɗa. Na ajiye masa abin a gabansa na ce, “Yaya, yaushe Baba ya rasu ba a gaya mini ba? Ina aka binne shi?” Ya fara kame-kame, wai ai tsohon ƙarfe ne, wai mai shanyayyen hannu me zai yi da reza. Ni da ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar sai da maƙwabta suka leƙo. Na ce masa marar tsoron Allah, na ce masa marar kunya. Har yau ban yi nadamar kalma ɗaya ba.

Da na shiga wurin Baba na yi niyyar rufa wa Yaya asiri. Na ce, “Baba, ga shi, ashe bayan akwati ya faɗa.” Ya karɓa da hagu, ya daɗe yana shafa wayar da babban yatsa. Sannan ya dube ni, ya haɗa maganar da ƙyar: “Ina kallo... ya ɗauka.”

Ashe yana kwance a ɗakin aka kwashe kayan a gaban idonsa, bakinsa ya kasa cewa a bari. Wata biyu yana riƙe da wannan shi kaɗai. Na fita na ɗora ruwa don kada ya ga hawayena.

Na tafasa gidan rezar, na sa sabuwar reza, na tada kumfa. Na danna da ƙarfi sai Baba ya buge mini hannu, ya nuna mini in sassauta, nauyin ƙarfen ya isa. Hannunsa na hagu a kan nawa muka gama askin. Ya dubi madubi, ya ce a kira masa abokansa.

Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya, kuma ko sau ɗaya bai yarda Yaya ya riƙe masa ko kwanon ruwan askin ba. Abin da na koya shi ne, marar lafiya yana gani, yana ji, ko da bakinsa ya mutu. Kada ka taɓa kayan mutum yana da rai ba ka tambaye shi ba, don wanda ka ɗauka ya gama yana kwance yana kallonka.