Taubashina ya goge sunana daga manhajar lissahi

Ni ba a lakkwal, wato makarantar boko, nik koyi rubuta kod na manhaja ba. Da wata tsohuwar ordinater, wato kwamfuta, nik koya, wadda wani yayanmu yab bari gida don batirinta ya mutu, sai in akwai kuran, wato wutar lantarki, take tashi. Nan nit tarar da wata manhaja ta lissahi da mutane ka ginawa tare, kowa daga ƙasarshi, ba wanda yam mallake ta. Kowa na iya buɗe cikinta shi ga yadda anka rubuta, shi gyara, shi kwaha shi ba wani. Sharaɗi guda na: kada ka cire sunayen waɗanda sunka yi aikin.

Wayyo daɗi! Sai nis shiga da ƙahwa biyu. Wata mata ta, malamar lissahi a wata ƙasa mai nisa, ka duba aikin sababbi. Na aika mata gyara ta maido, na sake ta maido, har ranar da tar rubuto kalma guda da Faransanci, wai ya yi. Ranar ko tuwo ban gama ci ba. Abin da nig gina shi na ɓangaren da ka warware ekwasiyo mataki-mataki, yadda mushe, wato malamin lakkwal, ka yi ga allo, kuma shina buɗewa ga ƙaramar waya ko babu rezon sadarwa. Wanda yat taɓa zama garin Ɗan Kassari shina ɗaga waya sama ya san amfanin wannan. Saboda zumuɗi, guntun kod ɗin da ka hidda rasin kare, wato tushen lamba, sai nis sa mishi laƙabina na gida. Matar tac ce in sake mishi suna na hankali. Nic ce to, ban kai ga sakewa ba.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, mai shagon hotokopi kusa da kasuwar Dogon Dutsi. Shi nih hwara nuna ma, don ni in na yi abu sai na nuna. Yad duba, yay yi dariya, yac ce in zuba mishi ga kart memwar. Niz zuba.

Bayan an koma lakkwal sai ƙanwata, wadda ka lise, wato babbar sakandare, taz zo tana murna.

"Yaya, ka ga abin da ɗan kawu yak ƙera? Mushenmu ya ce kowa shi tahi shagonshi a sa mishi."

Nik karɓi wayar. Aikina na, har kalar da niz zaɓa. Amma shahin hwarko sunan shagonshi na da lambar wayarshi, da manyan baƙaƙe. Sunana babu, na matar babu, na sauran mutanen babu.

Na iske shi shago shina shan shayi da abokanshi. Nic ce, "Kai ɓarawo, ina sunana?"

"A'a, bawana ya zo! Ku ba shi ƙarshen shayin."

"Ba wasa nike ba."

"To ni wasa nike. Kai ɗan mace na, ni ɗan namiji. Kai da ordinater taka da abin da ka cikinta duk nawa na. Ka taɓa jin an kai taubashi ƙara?"

Sunka hwashe da dariya. Gida ma hakanan. Inna tac ce, "Haba kai ko, ɗan ƙanena na hwa. Taubashi ko rigar jikinka yat tuɓe ba ka hushi. So kake a ce ɗiyana ba su san zumunta ba?" Wato an rufe min baki ta ko'ina. In na yi hushi ni na marar tarbiyya, in na yi shiru shi na gwanin gari. Har masallaci mutane ka gaishe shi da "injiniya".

Sai niz zauna nib buɗe kwahin nashi, in ga yadda yay yi ɓarnar. Allah mai iko! Mutumen bai san kod ba ko kaɗan. Nema kawai yay yi, duk layin da yag ga sunana ko laƙabina, shi goge layin ɗungum. Guntun rasin kare ya tahi da shi. Ƙananan ekwasiyo na tahiya lahiya lau, shi yas sa bai gane ba. Amma ranar da anka kai babin delta, inda dole sai an hidda rasin, shahin zai yi hwari hwat, shi tsaya.

Nit tambayi ƙanwata yaushe za su kai babin. Tac ce sai bayan an gama sussukar hatsi. Nis sa mata ta gaskiyar ga wayarta, nic ce in ta hwaɗa ma kowa ba ni ba ita. Sannan nij jira. Ban taɓa jin daɗin jira irin wannan ba. Kullum in na bi ta gaban shagon sai in ɗaga hannu in ce, "Injiniya, ina aiki?" Shi ko shi buɗe haƙora shi ce, "Alhamdu lillahi, bawana." Duk wanda yat tambaye ni wani abu kan manhajar, sai in ce ni mi nis sani, ga mai ita can, lambarshi na rubuce.

Da lokacin yaz zo, wayarshi ta hwara kuka tun da sahe. Ranar kasuwa niz zauna ƙarƙashin iccen bedi, tsallaken shagon, ina cin gyaɗa. Ga moto daga Matankari, ga wani daga Tibiri, duk malammai, kowa da waya a hannu. Wani dattijon mushe shina ɗaga murya, wai ya tara aji cike, ya ce ma yara su duba ikon zamani, sai abu yam mutu gabansu, yaran na dariya. Taubashina na share zuhwa shina cewa birus na. Yak kashe wayar yak kunna, yac cire kart ɗin yah hura mata iska yam maida. Hura iska hwa! Sai da gyaɗa tas sarƙe ni.

Bayan la'asar sai ga shi gidanmu. Yag gaida Inna, yaz zauna bakin tabarmata.

"Ɗan gwaggo, zo ka duba min wani ɗan abu."

"Yau kuma ɗan gwaggo nike?"

"Don Allah bar wasa."

"Ai ni da kai sai wasa. Inna, ko ba haka kinka ce ba?"

Inna tac ci gaba da tsince wake, ba ta ɗago ba.

Nic ce mishi mu masu wannan aiki muna da hanya. Ba a gyara komi bisa tabarma. Akwai shahi inda aka kai matsala, duniya duka na gani. Ka rubuta abin da yah hwaru, da abin da kat taɓa cikin kod ɗin kahin shi hwaru. In babu wannan ba mai duba maka. Kuma gaskiya ta, haka muke yi, ban ƙirƙira don shi ba. Abin da ban hwaɗa mishi da wuri ba, ɓangaren nan ni anka ba kulawarshi. Duk abin da yar rubuta gabana zai sauka.

Yar rubuta ga wayarshi, ni ina zaune kusa da shi da tawa. Wai manhaja ta daina aiki hakanan. Nim mayar mishi da amsa can cikin shahin, da ladabi ƙwarai: mun gode, amma ga namu tana aiki, kun canza wani abu? Yaj juyo yak kalle ni.

"Ga ni kusa da kai, ba ka iya hwaɗa min da baki?"

"Can aka magana."

Yar rubuta wai ya cire wasu layuka marasa amfani. Nit tambaya waɗanne. Yac ce masu suna. Nic ce sunan wa, kuma mi anka sa madadinshi? Kiran malammai na ta shigowa shina kashewa. Daga ƙarshe yar rubuta duka, da Faransancinshi mai ɗingishi: ya goge sunan ɗan gwaggonshi da na sauran, ya sa na shagonshi.

Washegari matar nan tas sa baki. Layi biyu kawai. Tac ce an yarda shi raba ma kowa, ana ma murna, amma shi maida sunayen, shi bi waɗanda yab ba gurguwar shi canza musu. Wani daga wata ƙasar yas sa alamar dariya ƙarƙashi. Taubashina yac ce to yanzu a goge maganar. Nic ce ba a gogewa, ruhewa aka yi, ta zauna nan duk mai so shi karanta.

Na ba shi ta gaskiyar, da sunaye reras ga shahin hwarko. Nic ce kuma zagayen da za shi yi da ni za a tahi, don in tabbata. Shi ka tuƙi, ni ina baya na miƙe ƙahwahu, yashi na kama tayar moto shina sauka shina turawa, ban sauka ba ko sau guda.

Matankari munka iske dattijon mushen nan bakin aji. Anka sa mishi sabuwar, yaj jarraba delta, amsa tah hito mataki-mataki. Yag gyara tabarau, yak karanta shahin hwarko, yac ce, "To wannan suna na sama, wane ne shi?"

Taubashina yan nuna ni da haɓa.

Nic ce, "Mushe, yara na surutu, kamar ba ku ji shi ba."

Mushen yac ce lalle bai ji komi ba. Yaj juya yat tsawata ma ajin, anka yi tsit, har na bakin taga sunka leƙo. Sai da taubashina yab buɗe baki yah hwaɗi sunana cikakke, da na babana, yac ce ni nir rubuta.